Kafin Mu Buga Wasan Labari a Dutse, Mu Fara Tara Masu Zama a Tabarma

 

Maudu'in wannan makon ya ɗan kauce wa abin da muka saba tattaunawa na gajeren labari da waƙa da ƙa'idojin rubutu. Wasu daga cikinmu, musamman masu sha'awar labaran yaƙi da na kasada, suna yawan tambaya ko za a iya kafa ƙaramin kamfani a nan Dutse da zai riƙa wallafa irin wasan nan da ake zama mutum biyar ko shida ana ƙirƙirar labari tare. Amsarmu ita ce za a iya. Sai dai duk wanda ya fara da kai aiki maɗaba'a kafin ya tara waɗanda za su yi wasan, ya yi riga malam masallaci, kuma jarinsa zai ƙare a kwali a ƙarƙashin gado.

Bari mu fara da bayanin wasan, domin da yawanmu ba su taɓa ganin ana yin sa ba. Mu kira shi wasan labari. Mutum ɗaya ne jagora, shi ke riƙe da littafin dokoki, shi ke bayyana inda ake da abin da ke faruwa. Sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama shi. A ce labarin na ayarin fatake ne da ya tashi daga Kano zai tafi Gwanja sayen goro, kamar yadda kakanninmu suka yi a ƙarni na 19. Wani ya zama madugu, wani jagaba mai sanin hanya, wani malamin ayari, wata kuma mai abinci da ta san sirrin kowane zango. Jagora ya ce kun iso bakin kogi, ruwa ya cika, mai fito ya ninka kuɗi, ga labarin 'yan fashi a bayanku. Me za ku yi? Kowa ya faɗi dabararsa, dokokin wasan su yanke ko ta ci ko ba ta ci ba, labari ya ci gaba daga nan. Babu wanda ya san ƙarshensa, har shi jagoran.

Idan muka duba da kyau, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A wasan kalankuwa bayan kaka, samari da 'yan mata kan naɗa sarki da alƙali da likita da 'yan sanda a tsakaninsu, kowa ya riƙe matsayinsa har a watse. A tashe yaro kan zama Jatau mai magani ko tsoho mai gemu. A wasan gauta matan fada kan kwaikwayi sarki da fadawansa. Muna da tatsuniya wadda ta koya mana zama a gaban mai ba da labari, muna da dara wadda ta koya mana bin doka da lissafin tafiya. A ɓangaren rubutu kuwa, daga Ganɗoki da Ruwan Bagaja da suka fito daga gasar 1933, zuwa Iliya Ɗan Maiƙarfi, zuwa littattafan yaƙi na su Abdulaziz Sani Madakin Gini, Bahaushe ya daɗe yana son labarin jarumi da tafiya mai haɗari. Saboda haka ƙarancin abin rubutawa ba ya cikin matsalolinmu. Matsalolin suna wajen kasuwa, da kuɗin ɗab'i, da hanyar kai kaya, da yadda jama'a za su kalli abin.

Matsala ta farko, kuma uwar sauran, ita ce har yanzu babu 'yan wasa. Littafin labari yana sayar da kansa: mai karatu ya ɗauka, ya duba bango, ya karanta shafi biyu, ya biya. Littafin wasa ba ya amfani sai an samu wanda ya iya jagoranci da wasu mutum huɗu ko biyar da suka yarda su ba shi awa biyu. Wanda bai taɓa zama an yi da shi ba, ko kyauta aka ba shi littafin zai ajiye.

Tarihin wasan da ya fi kowane shahara a duniya, wato Dungeons & Dragons, ya nuna haka. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka tsara shi, aka fara buga shi a 1974 a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva a Amurka. Kwafi 1,000 kacal aka buga, ana sayar da kowane dala 10, kuma sai da aka kusa shekara kafin su ƙare. A lokacin Gygax gyaran takalma yake yi don ciyar da iyalinsa, kuma shi da abokinsa Don Kaye ba su iya haɗa kuɗin ɗab'i ba sai da suka shigo da mutum na uku, Brian Blume. Abin lura a nan shi ne tun 1968 Gygax yake shirya taron masu wasannin yaƙi na kan teburi a garin, taron da ake kira Gen Con. Shekara shida yana tara mutane kafin ya sa musu kaya a gaba. Waɗannan mutanen ne suka sayi kwafin farko, suka koma garuruwansu suka koya wa wasu.

A nan gida ma haka abin yake. Kamfanin NIBCARD Games da Kenechukwu Ogbuagu ya kafa a Abuja yana tsara wasannin allo da na kati yana kuma ƙera su a cikin Najeriya, har ya samu lambar yabo ta Diana Jones a 2021, wadda ake ji da ita a duniyar wasannin teburi. Bai tsaya ga ƙera kaya ba. Ya buɗe wurin da mutane ke zuwa su zauna su yi wasa, yana kuma shirya taron shekara-shekara na masu wannan harka. Idan a Abuja, inda akwai masu kuɗin kashewa a kan nishaɗi, sai da aka gina 'yan wasa da hannu, ina ga Dutse da Kiyawa da Jahun?

Matsala ta biyu ita ce lissafi, kuma a nan ne marubuta muka fi rauni. Marubutan adabin kasuwar Kano sun rayu ne da dabarar kashi-kashi: littafi na ɗaya ya tsaya a daidai inda rai ke so, mai karatu ya dawo neman na biyu da na uku. Littafin wasa akasin haka yake. Kwafi ɗaya ya ishi mutum shida, kuma za su iya shekara suna amfani da shi ba su sake sayen komai ba. Wato a duk tabarma guda, mai saye ɗaya ne.

Ga kuma tsadar takarda. Manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa, don haka yawancin takardar da ake buga littafi da ita daga waje take zuwa, farashinta yana bin dala. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya ƙara kuɗin mota, ga shi mafi yawanmu Kano muke kai aikin ɗab'i, tafiyar sama da kilomita 100, zuwa duba gyara daban, zuwa ɗauko kaya daban. Babban injin ɗab'i kuma ba ya sauƙi sai an buga da yawa, domin kuɗin shirya shi kusan ɗaya ne ko kwafi 50 za a buga ko 1,000. Idan ka buga kaɗan kowane kwafi ya yi tsada, idan ka buga da yawa kuɗinka ya kwanta. Wasa kuwa ya fi littafi cin kuɗi: yana son taswira, da zane, wani lokacin da kwali da katuttuka masu launi. Mai zane sai an biya shi, kuma haƙƙinsa ne.

Mu ƙaddara, don misali kawai, a kowace naira 100 da mai saye ya biya, ɗab'i ya ci 45, mai shago ya ɗauki 30, mota da kwafin da suka lalace suka ci 10. Saura 15, ita za a raba tsakanin marubuci da mai zane da mai tsara shafi, ita ce kuma jarin bugu na gaba. Wannan ma idan an sayar da duka ke nan. Kowa ya je ya tambayo farashin yau ya sa nasa alƙaluman a wannan gurbi kafin ya taɓa kuɗin adashinsa.

Matsala ta uku ita ce hanyar kai kaya ga mai saye. Manyanmu da suka yi zamanin littattafan kasuwar Kano sun sha ba da labarin yadda marubuci kan zuba littattafai a shago, a biya shi kaɗan-kaɗan, wani lokacin a dawo masa da ragowar bayan sun sha ƙura. Yau ma yawancin waɗannan shagunan sun koma wata sana'a, karatu ya koma waya. Kada mu ɗauka wannan ciwon ƙananan kamfanoni ne kaɗai. TSR, kamfanin da ya mallaki Dungeons & Dragons, ya yi girma sosai, amma a 1996 dillalinsa Random House ya dawo masa da tarin littattafan da ba su shiga ba, bashin maɗaba'a ya taru, a 1997 aka sayar da shi ga Wizards of the Coast. Kayan da aka kai shago ba ciniki ba ne sai ranar da kuɗi ya shigo hannu.

Wani zai ce to mu sayar ta intanet. Mun san abin da ke faruwa da littattafanmu: mutum ɗaya ya biya, kafin magariba fayil ɗin ya zagaye zauruka goma na WhatsApp. Manhajar OkadaBooks da marubuta da yawa suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen 2023. Dandalin Kickstarter kuwa, wanda ƙananan kamfanonin wasa na Turai da Amurka ke tara kuɗin ɗab'i a kai tun kafin su buga, ba ya ba mai asusun bankin Najeriya damar buɗe aiki kai tsaye. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 tana kare rubutunmu da zanenmu, amma ba ta hana wani ɗaukar dabarar wasan ya rubuta ta da kalmominsa.

Matsala ta huɗu ita ce idon jama'a, kuma wannan ba abin rainawa ba ne. Yawancin waɗannan wasannin a ƙasashen waje da ɗan ludo mai ɗigo-ɗigo ake yanke hukunci a cikinsu. A wajenmu duk abin da ake jefawa a jira sa'a, sunansa caca a idon iyaye, kuma akwai hadisi sananne a kan wasan nardu da malamai ke kafa hujja da shi. Karta ma haka ake kallonta. Wuri kuwa, wanda wani zai ce mu yi amfani da shi don na gida ne, zai tuna wa mutane da masu duba. Ƙara da cewa labaran suna cike da matsafa da aljanu. Ko a Amurka an yi ta zargin wasan da koya wa yara tsafi a shekarun 1980, har kamfanin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Mu kuma ba mu manta ba cewa a 2007 an ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista. Duk wanda zai buga a Kano ko ya sayar a can, ya san da wannan hukuma.

A ganinmu maganin wannan yana hannun mai tsara wasan tun daga farko. Ɗan ludo ba farilla ba ne. Tun 1991 aka wallafa wani wasan labari mai suna Amber wanda babu jefa komai a cikinsa. Mu da muke garin dabino, me zai hana a ba kowane ɗan wasa ƙwallon dabino biyar a matsayin ƙarfinsa? Duk sanda zai yi abu mai wuya ya biya ɗaya ko biyu, idan sun ƙare sai ya jira ayari ya sauka zango ya huta. Ko jagora ya jefa masa kacici-kacici, ko ya faɗi rabin karin magana ya ce ya ƙarasa, idan ya ci dabararsa ta yi. Wasan ya koma na tunani da sanin harshe, malamin Hausa a sakandare ma zai yi marhabin da shi. A ɓangaren labari, duwatsun Dutse da kogunansu, da zane-zanen mutanen da a duwatsun Birnin Kudu, da zamanin da mayaƙan Ningi ke kai hari wannan yanki, sun isa a gina duniya guda. Sai dai mu ƙirƙiri sunayen garuruwa da sarakuna namu, domin jikokin na gaskiya suna nan da ransu, kuma a wasa babu mai iya hana ɗan wasa ya sa sarki ya gudu daga fagen fama. Kafin a buga, a kai wa malami ɗaya ko biyu da ake girmamawa su duba. Gyara a takardar gwaji ya fi sauƙi a kan gyara bayan an yi huɗuba a kanka.

Matsala ta biyar tana cikin gida. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da haɗin gwiwa, kuma haɗin gwiwar abokai daɗi gare shi har ranar da kuɗi ya shigo. Arneson ya kai Gygax da kamfanin kotu a 1979 a kan rabon kuɗi, shi kansa Gygax kamfanin ya suɓuce masa a 1985. Don haka tun ana dariya a rubuta: wa ya mallaki labarin, wa ya mallaki zanen, kashi nawa kowa zai samu, me zai faru idan wani ya samu aiki a Abuja ya tafi. A yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, a buɗe asusu daban da na aljihun kowa, a nemi lambar ISBN a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa idan lokacin bugu ya yi. Muna da abin koyi a ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino, waɗanda suka riƙa tallata littattafan juna a cikin littattafansu har sunan ƙungiyar ya zama shaida ga mai saye.

Muna jin masu cewa, da duk wannan wahala, me ya kai mu? Matasa suna kan waya, wa zai zauna a tabarma? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba mu ce wannan harka za ta ciyar da kowa nan kusa ba. Amma ku duba majalisun unguwanninmu bayan la'asar, ku ga yadda ake cika a kan dara da ludo. Zama tare bai mutu ba. Wasan labari ba ya buƙatar wuta, ba ya cin data. Kuma ko bai kawo riba ba, akwai abin da zai yi wa marubuci: za ka ga fuskar masu sauraronka a daidai lokacin da labarinka ya yi sanyi, za ka ji yadda mutane ke magana da gaske idan suna cikin tsaka mai wuya. Wanda ya yi jagoranci sau goma, hirar da ke cikin littafinsa na gaba ba za ta zama irin ta da ba.

Shawararmu ga masu niyya ita ce su bi abin daki-daki. A rubuta dokoki da labari ɗaya cikin shafi takwas zuwa goma sha biyu, da Hausar da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai gane. A yi hoton kwafi goma a shagon kwamfuta, a tabbatar ɗ da ƙ da ɓ sun fito daidai. A gwada da mutanen da ba abokanmu ba, domin aboki ba ya cewa abu bai yi ba. Akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da na kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, da ƙungiyoyin Hausa na makarantun sakandare. 'Yan uwanmu mata marubuta su gwada a cikin gidaje, domin mata ne suka riƙe kasuwar littafin Hausa tun asali, kuma wanda ya tsara wasa bai sa su a lissafi ba ya bar rabin kasuwa a baya. Babban aikin shi ne horar da jagorori. Ranar da aka samu mutum goma a Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da za su iya jan wasan ba tare da marubucin yana wurin ba, ranar ce aka samu kasuwa.

Daga nan sai a karɓi kuɗin masu so tun kafin bugu, a buga daidai adadinsu da ɗan ƙari, a cika alƙawarin ranar da aka sa ko da za a yi asarar barci. Dokokin kuwa a bar su su yaɗu kyauta a waya, tunda ko an hana sai sun yaɗu, kuma kowane wanda ya karanta ɗan wasa ne na gobe. Abin sayarwa shi ne sababbin labarai kashi-kashi, da taswira mai kyau, da zaman wasa da makarantu za su gayyata, wato mu dawo da dabarar littafi na ɗaya da na biyu ta wata ƙofar. Kwali mai sheƙi ya jira sai riba ta saya shi.

Wanda ke da niyya a cikinmu, aikin wannan makon kaɗan ne: ya rubuta fage ɗaya, mutum huɗu da matsala ɗaya, ya tara ƙannensa ko maƙwabta bayan isha'i ya gwada, ya rubuta inda suka yi dariya da inda suka fara duba waya. Ya kawo mana sakamakon a zama na gaba mu duba tare. Da haka za mu san ko muna da kamfani ko kuwa sha'awa ce kawai, tun kuɗin kowa yana aljihunsa.